Gargadar Bakin Titi

Yaya Cornell, har yanzu hularka na rataye a cikin tirela.

Tare muke jan ta daga Memphis zuwa yammacin Amurka, ɗaya na tuƙi, ɗaya na barci a gadon bayan labule. In layinka ne, ba na samun barcin kirki. Da na yi nisa sai taya ta hau gargadar nan ta bakin titi, wadda aka tsaga don farkar da mai gyangyaɗi. Mota ta ɗauki rawa, in zabura, baki a bushe, kai kamar zai tsage.

"A kasuwa ka sayi lasisin nan?" in daka maka tsawa.

"Koma ka kwanta, sarkin minshari," ka ce. "Titin ne ya karkace."

Na san ba titi ba ne. Idanunka kullum jajur. Ko mun tsaya hutu, in na farka sai in gan ka zaune, kofi ya huce a hannunka. Na taɓa jin labarin ciwon da ke ɗauke numfashi cikin barci, ya bar mutum da gyangyaɗi da rana, ya cinye zuciya a hankali. Direban da likitan kamfani ya gano yana da shi, sai a ajiye shi har ya yi magani, mu kuwa da motar nan muke riƙe Mama. Da kamfani ya tambaye ni yadda kake tuƙi, na ce lafiya lau.

Zuciyarka ta tsaya a gidan mai a Amarillo, rana tsaka, kana goge gilashi.

Bayan jana'iza aka haɗa ni da tsoho Hollis, direban da bai taɓa yin ko ƙaramin haɗari ba. Tafiyarmu ta farko, muna cikin Oklahoma da hantsi, taya ta hau gargada. Can kuma ta sake. Na yaye labule a fusace.

"Baba, kai ma gyangyaɗin kake?"

Ya gangara gefe ya kashe mota. Ya juyo ya dube ni.

Abin da ya ce ban gaya wa kowa ba tukuna, Yaya, ko Mama.

"Idona biyu, yaro. Kai ne numfashinka ke ɗaukewa, kuma sai na girgiza motar nan yake dawowa."