Bishiyar Ramin Ƙarshe

A ramin ƙarshe ƙwallon golf ɗin ta faɗa bayan ƙatuwar bishiya. In ɗan wasan ya kewaye bishiyar da bugu guda, ya shiga sahun ƙwararru. In ya kasa, shekarunsa sun wuce sake nema.

"Baba, yaya ake lanƙwasa ta?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Tsohon, jakar sanduna a kafaɗa, ya dubi bishiyar. Shi ya koya masa wasan, shi ya hana shi murɗa bugu, wai hannun da ya saba karkacewa, zuciya ma za ta bi.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. Buga abin da ka iya."

Bugun ya fita sak, ba aibi. Ƙwallon ta daki gindin bishiyar, ta gangaro ta tsaya a ƙafar uban.