Buhunan Taki a Ƙofar Kasuwa

Tunda gobe za ka kama aiki a shingen bincike, zauna in ba ka wani misali.

A wani gari da bam ya taɓa tashi a kasuwarsa, hukuma ta kafa na'ura a bakin ƙofa. Duk motar da ta zo, direba zai sauka ya koma gefe, sai na'urar ta harba mata wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu nutiron. Suna ratsa ƙarfe da katako, kuma duk abin da suka taɓa sai ya nuna irin sinadarin da ke cikinsa a allon wata mata da aka horar kan aikin. Wata ranar kasuwa da hantsi, wani manomi baƙo ya iso da tsohuwar a-kori-kura, an lulluɓe bayanta da tamfol. Ana fara dubawa jar fitila ta kama, don na'urar ta ji nitirojin mai yawa, sinadarin da ba a raba shi da kayan fashewa. Nan take masu gadi suka ja mutumin nesa da motar, suka kwantar da shi rubda ciki, bakin bindiga a ƙeyarsa. Kasuwa ta watse. Waɗanda ba su gudu ba suka yo kansa da sanduna, har da wani mahauci da ya rasa ƙanensa a harin baya, ɗauke da galan ɗin fetur. Manomin yana ta rantsuwa, ba mai sauraronsa.

Matar nan kuwa ko tashi ba ta yi daga kujerarta ba, ko da yake ita ce mafi kusa da motar. Ta aika wa shugaban masu gadi cewa, "Yallaɓai, a tare mini mutane na minti uku. Awon farko ya ce akwai abu, bai faɗi ko mene ne ba." Ta sake awo, ta gwada yawan nitirojin ɗin da na sauran sinadaran da ke tare da shi, sai lissafin ya fito na takin zamani, ba na bam ba. Aka yaye tamfol, ga buhu goma sha biyu na takin yuriya da manomin zai kai gonar masararsa, ya ratso kasuwa ne kawai don sayen igiya. Da aka tashe shi, ƙasa duk a gemunsa, ya roƙi ruwa, aka ba shi ya sha. Mahaucin ya ajiye galan, ya tsuguna, ya rufe fuskarsa da hularsa, ya daɗe a haka.

Saboda haka in fitila ta kama a gabanka, ka tsare mutane, ka tsare wanda ake zargi, ka jira awo na biyu. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.