Ɓawon Masara da Nauyin Baki

Ranar Talata, sha biyu ga watan Safar, bayan sallar la'asar, wani manomi ya leƙa rumbunsa ya tabbata masarar bana ba za ta kai iyalinsa damina ba. Tsutsa ta ci rabin gonar, babu abin da ya samu a wadace sai ɓawo, buhu huɗu cur. To, a ƙofar gari akwai wani tsoho mai murɗa ɓawon masara ya yi igiya, ya naɗe ta, ya ɗinke da basilla ta zama kwando, mata na rububinsa ran kasuwa. Manomin ya ƙudura da wannan sana'a zai cike giɓin abincin gidansa. Sai dai shi magidanci ne mai furfura, wanda ake zuwa neman shawararsa kan shuka, ya ji nauyin ya ce a koya masa. Ya riƙa zuwa wurin tsohon da sunan gaisuwa, baki na hira, ido na kan yatsu. Ya haddace murɗi, ya haddace ɗinki. Abin da bai gani ba shi ne aikin da ake yi a cikin gida da safe: tsohon yakan jiƙa ɓawon har ya yi laushi, sa'an nan ya fito da shi a naɗe cikin tsumma mai damshi.

Manomi ya koma gida ya shiga zaurensa ya sakaya ƙofa, ya kama busasshen ɓawo. In ya murɗa ya tsage, in ya soka basilla ya marmashe. Ya zargi hannunsa, ya ƙara ƙarfi, ɓawon ya yayyanka masa yatsu. Kasuwa uku ta ci bai haɗa ko gindin kwando ba, buhu uku sun zama shara, hatsi kuwa na ta ja da baya. Ran nan ya ɗauki guntun abin da ya saƙa ya ajiye gaban tsohon, kai a sunkuye. Tsoho ya shafa, ya yi murmushi, ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai ƙishirwa yake ji! Ba shi ruwa mana. Kullum kana nan zaune, da ka buɗe baki da tuni an wuce wurin." Da buhun da ya rage manomi ya saƙa kwanduna shida, duk aka saye. Amma ba su kai shi damina ba, sai da ya sayar da akuyarsa guda ɗaya tilo. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.