Rabin Ƙwaya a Shayin Safiyanu

Riɗin Malam Yahuza na Unguwar Ya ya nuna a daidai makon da ƙungiyar ƙwallon kwando ta matasan Birnin Kudu ta fara atisayen shiga gasa. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ka yi jinkirin yanka, bakinsa ya buɗe ya zube, ka noma wa tsuntsaye. Ɗansa Safiyanu, ɗan shekara goma sha biyar, shi ne ƙarfinsa a gona, shi ne kuma dogon yaron da ƙungiyar ke taƙama da shi.

Mai horar da yaran, Malam Badamasi, ya kira iyaye taro kafin a fara. Ya aika wa Yahuza, ya sake aikawa. Yahuza bai je ba. A ganinsa, magidanci mai gemu ba ya barin gona ya je ya zauna a benci, a yi masa bayanin yadda ake jefa ƙwallo cikin kwandon da ƙasansa a huje yake.

Abin da aka faɗa a taron a bakin Safiyanu ya ji, shi ma da rabin kunne. An ce yaro ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa, ya samu barci, a rage masa aikin ƙarfi ranar atisaye, kuma kada a ba shi kowane irin magani sai an tambaya. Yahuza ya ce Malam Badamasi albashi yake ci, shi ya sa yake da bakin cewa a huta.

Kada a ce Yahuza ba ya son ɗansa. Yana sonsa, kuma ya ji an ce daga irin wannan gasa ake zaɓar yara zuwa Dutse. Don haka bai hana ƙwallo ba, bai kuma rage gona ba. Safiyanu zai yi yanka tun daga asuba har azahar, ya hau keke zuwa Birnin Kudu, ya yi ta gudu a kan siminti har magariba ta gabato. Ba a jima ba idanunsa suka faɗa. Malam Badamasi ya gargaɗe shi cewa in ƙafarsa ta ci gaba da nauyi haka, ba zai sa shi a wasan farko da za a yi a Gwaram ba.

Maikuɗi, shugaban ƴan ƙwadagon da ke taya su yanka, shi ya kawo shawara.

"Malam Yahuza, gwarzon naka ai ya zama tsumma. Mu da kake gani muna yini a sunkuye, ka zaci tuwo ne ke riƙe da mu?" Ya zaro wata ƙwaya daga aljihu. "Rabi kawai, a shayi. Wannan ba kayan maye ba ne, kayan aiki ne."

Yahuza mutum ne da in ya ga ɗansa da taba sai ya kusa karya shi. Amma wannan ƙwayar bai ɗauke ta a bakin komai ba, tunda a gona ya gan ta, a hannun masu neman halal. Da hannunsa ya jefa ta a kofin yaron, bai gaya masa ba.

Ta yi aiki. Safiyanu ya daina gajiya, ya kuma daina cin abinci. Mahaifiyarsa Ummussalma ta lura.

"Malam, yaron nan ba ya taɓa tuwo, amma ya ƙi zama wuri ɗaya. Wannan ƙarfin ba na lafiya ba ne."

Ya ce mata mata ba su da aiki sai tsoro. Da rabi ya daina isa, ya koma ba shi guda. Ranar zuwa Gwaram ya ƙara wata, don kada ɗansa ya ji kunya a garin mutane.

Ranar ce karo na farko da Yahuza ya taka filin ƙwallon kwando. Safiyanu na ta zura ƙwallo, shi kuma yana taɓa na kusa da shi yana cewa ɗansa ne. Ana cikin haka yaron ya daka tsalle, jikinsa ya sanƙare tun kafin ya sauko, ya faɗo da ƙeya a kan siminti yana jijjiga. Masu kallo suka ce iska ce ta buge shi. Malam Badamasi ne ya kwantar da shi ta gefe, ya nemo mota.

A asibiti likita ya tambayi abin da yaron ya sha. Malam Badamasi ya rantse cewa yaransa ruwa kaɗai suke sha a fili. Yahuza ya fito da sauran ƙwayoyin daga aljihunsa. Likita ya duba ya ce tiramadol ce, kuma da yawan da aka ba shi, ko babba tana iya kayarwa haka.

Likitan ya dubi Yahuza ya ce, "Baba, wa ya ba shi?"

"Ni ne."

Safiyanu ya rayu. Hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, ƙafar yana janta, maganarsa sai an saurara da kyau. Har yau ba wanda ya iya gaya masa abin da ya kayar da shi. Ranar da aka sallamo su, ya riƙe rigar ubansa da hannun hagu, ya ce a hankali:

"Baba, ka yafe min. Na ba ka kunya a gaban mutane."

Iyaye, in an kira ku a kan wasan ƴaƴanku, ku je ku saurara, ba ƙasƙanci ba ne. Yaron da ya gaji, abinci da hutu yake bukata. Duk wanda ya rufe gajiyar ɗansa da ƙwaya, da hannunsa yake nakasa shi.