Haƙurin Malam Tsumagiya

Marin farko a kunnen hagu ya sauka, amma Malam Tsumagiya murmushi ya yi.

Ai ya san da zuwan mutumin. Hukumar makaranta ta ce bana ba mai hawa kujerar shugaba sai masaniyar halayyar ɗan Adam ta auna shi. Surukinsa, direban hukumar, ya riga ya tsegunta masa sirrin: bayan tambayoyi za a turo ɗan wasan kwaikwayo a matsayin uban ɗalibi, ya yi ta zage-zage. Wanda ya harzuƙa, shi ke nan ya faɗi.

Malam kuwa, da yara kan jiƙa wando in sun ji takunsa, ya rantse yau sai an ga haƙuri da ido.

Mutumin ya ci kwalarsa, yana ihun cewa shi ne ya fasa wa ɗansa dodon kunne. Malam ya yaba a ransa: lallai mutanen nan sun yi bincike, don haka ɗin aka yi.

"Zauna, Baba, mu fahimci juna," in ji shi da tattausar murya.

Naushi ne ya zauna masa a baki. Haƙori ya faɗo kan teburin masaniyar, jini na bin sa. Biro ya suɓuce mata, ta manne da bango. Malam ya saci kallonta, ya ce a ransa ashe ita ma ta iya wasan.

Hannunsa na dama ya fara ƙaiƙayi, ya danne shi ƙarƙashin cinya. Kujerar roba ta tarwatse a gadon bayansa. Yana kwance ana tamaula da haƙarƙarinsa, bakinsa bai fasa godiya ba, yana cewa makaranta na maraba da shawarar iyaye.

Da ƙyar maigadi da malamai biyu suka janye mutumin, yana rantsuwar zai dawo da adda.

Malam ya rarrafo ya dafa tebur, ya goge baki da hula, ya tambayi masaniyar ko ya ci. Ta buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani siririn saurayi ya leƙo yana haki, gemun auduga manne a haɓarsa.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, motarmu ce ta lalace a hanya. Wanne ne zan zaga?"