Mutumin da Ke Gefen Verlene

Ku yaran yanzu ba ku da ta ido. A yi muku magana ku ce "ina ji", alhali idonku na kan allo, ko wuya ba za ku juya ba. To ku ajiye abin da ke hannunku, ku ji yadda Cleon Tubbs yake cinye Asabar ɗinsa.

Ƙarfe biyu saura kwata yake jawo kujerarsa gaban talabijin. Tsohuwar talabijin ce mai ƙaton baya. 'Yan coci sun taɓa kawo masa sabuwa, ya ce su mayar da abarsu. Yakan sauke labule, ya kashe sautin. Wannan ba abin mamaki ba ne a Mississippi, kowa haka yake yi ya kunna rediyo, don mai sharhin gida ya fi na talabijin sanin yaranmu. Sai dai Cleon ba ya kunna rediyon.

A garinmu ba a ɗaura aure ranar da jami'a ke wasan ƙwallo. Ko jana'iza ce, fasto ya san sai dai a jira Litinin. Cleon ya fi kowa riƙo da wannan. Shekara goma sha tara yana da kujeru biyu a filin, layi na shida, kusa da tsakiya. Yana kuma da doka, daga busar farko zuwa ta ƙarshe ba a yi masa magana. Matarsa Verlene ta bi dokar nan har ta gaji. Ta bar shi ba faɗa, ba wasiƙa, ba ta ce ga dalili ba. Shi kuma bai ƙara taka filin ba.

Yanzu a talabijin kawai yake ganinta. Kyamara takan bar 'yan wasa ta ɗan leƙa cikin 'yan kallo, kuma wannan leƙen shi yake zaman jira. A ci, a rasa, bai dame shi ba. Mutumin da a da ake jin ihunsa daga bakin titi, yanzu ko yatsa ba ya ɗagawa.

Ran nan yayarsa Odessa ta shigo da soyayyar tarwaɗa da burodin masara a rufe da tawul. Ita kaɗai ke zuwa gidan. Ta gaya masa unguwa duk ta watse zuwa filin besbol, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, har da masu sandar dogarawa, ya tashi ya sha iska ko ƙashinsa ya miƙe. Ya ce besbol wasan masu gyangyaɗi ne. Ta ce ai gara mai gyangyaɗi a cikin mutane da mai ido biyu a cikin duhu kamar ɓera. Ya mayar da idonsa kan allo.

Ta ajiye kwanon, ta zauna a hannun kujera.

"Ba su nuno ta ba tukuna?"

"Sai an dawo hutun rabin lokaci," in ji shi.

Aka dawo. 'Yan wasa suka yi karo, suka zube, suka tashi. Cleon ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Kifin ya huce a inda yake.

Sai kyamara ta juya layi na shida. Ga Verlene cikin riga ruwan ƙwai, jaka a cinya, fuskarta sumul, ko furfura ɗaya babu. A gefenta wani ƙato ne da jar hula har gira, ya buɗe baki yana ihu, jijiyar wuya ta fito. Ta dafa hannunsa, ta ce wani abu. Ya kaɗe kafaɗa. Ta sake dafawa, ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta maimaita. Ya ɗaga mata hannu kamar mai korar ƙuda, idonsa na kan fili.

"Juyo mana, sakarai," Cleon ya faɗa a hankali. "Magana take yi maka. Juyo."

Mai hula bai juyo ba. Daƙiƙa shida ne duka, kyamara ta koma kan ƙwallo.

Cleon ya zauna yana motsa leɓe, yana kwaikwayon yadda nata suka motsa. Kalma uku ce, ko huɗu. Wani lokacin yana ganin kamar cewa ta yi ba ta jin daɗi. Wani lokacin kamar tambaya ce. Abin da ya fi tsoro shi ne kada ya zamana ƙaramin abu ne, irin wanda "to" kawai yake buƙata.

"Yaya, ke mace ce. Me ta ce?"

"Ban sani ba, Cleon. Makon jiya ma ban sani ba."

Can kusa da tashi kyamara ta sake giftawa ta layin. Kujerar Verlene babu kowa. Mai hula yana tsaye yana tsalle, an ci wasa, bai ko lura ba.

Allon ya yi fari, ya hau tartsatsi kamar ƙura. Odessa ta ɗauki tawul ɗinta. Ta san babu wanda za a tambaya, don shekara tara ke nan da aka binne Verlene a Chicago, wajen ƙanwarta, kuma har ta mutu ba ta ɗauki wayarsa ba.

Cleon ya sunkuya da ƙyar, ya danna na'urar da ke ƙarƙashin talabijin, kaset ɗin ya fara komawa baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk Asabar, yana roƙon mutumin nan mai jar hula ya juyo, mutumin kuwa shi ne Cleon da kansa.