Ɗalibar Kujerar Baya

Matar ta zo yin rajista ne a tsakiyar zango, lokacin da ba a cika ɗaukar sababbin ɗalibai ba. Dattijuwa ce mai tabarau, da jaka a hammata. Ba ta nemi ragi ba, ba ta tambayi littattafan da za ta saya ba. Ta ce ajin yamma take so, na malamin nan da ake kira Dogo.

Sakatariya, wadda ƙanwar Darakta ce, ta bari sai da matar ta fita, sannan ta leƙa ofis.

"Yaya, anya ba ita ba ce?"

Darakta ya gane nufinta. Tun da ya nemi hukumar da ke tantance makarantun koyon Turanci ta zo ta duba tasa, hankalinsa bai kwanta ba. In babu shaidar hukumar, kamfanoni ba sa kallon takardar da makaranta ta bayar, kuma ɗalibansa sun fara tsallaka titi zuwa wata makarantar da ta riga ta samu tata. Ga shi ana raɗe-raɗin cewa kafin masu duba su zo a fili, sai an fara turo wani a ɓoye, ya shiga aji kamar ɗalibi.

Matar ta zaɓi kujerar baya. Ba ta rubutu. In Dogo ya ce a maimaita, da ƙyar leɓɓanta ke motsi. Idonta dai na kansa, tun daga wuyan riga har takalmi. Akwai wani direba a ajin, mai nauyin ganewa, da kan yi tambaya ɗaya sau da yawa. Duk lokacin da ya ɗaga hannu, ba shi take kallo ba, fuskar Dogo take kallo.

Darakta na leƙen duk wannan ta taga. Ya sa aka gyara fankar da ta daɗe a mace, aka sa wa bayi sabuwar ƙofa, aka shafe bango da fenti. Matar ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ƙwararriya ce," ya ce wa ƙanwarsa. "Irin su ba sa nuna abin da suka gani."

Sai tambayoyi suka fara. Ta tare mai gadi, ta tambaye shi ko Dogo na makara, da su wa yake tafiya in an tashi. Ta tsaya wajen sakatariya kamar mai neman ruwan sha, ta tambayi ko yana da fushi, ko yana tsayawa hira da ɗalibai mata, ko aikinsa a nan tsayayye ne. Da za ta fita ta juyo.

"Takardunsa fa, 'yata, sun cika?"

Da sakatariya ta kai wa Darakta wannan tambayar, sai ya ga matsala ta zo. Dogo shi ne malamin da ya fi kowa iya koyarwa a makarantar, amma saura masa jarrabawa guda kafin ya karɓi shaidar koyarwa. Ɗan yayar Darakta kuwa, wanda shi ma malami ne a nan, takardunsa a cike suke, sai dai ɗalibansa gyangyaɗi suke yi.

Darakta ya kira Dogo, ya tambaye shi ko ya san matar.

"Wallahi ranka ya daɗe, fuskar kamar na san ta, musamman wajen idon nan. Amma na rasa a ina."

Amsar ba ta yi wa Darakta daɗi ba. Kwanan nan ya lura yaron ya koyi laɓewa a bayan aji da waya a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa, in ya ga mutum sai ya katse. Da wa yake magana? Ko dai shi ne ya tsegunta wa hukumar halin da makarantar ke ciki?

Ranar da matar ta daina zuwa, Darakta ya tabbata ta tafi kai rahoto. Bai jira ba. Ya sallami Dogo, ya ba ɗan yayarsa ajin yamma.

"Yaya, rabin ɗaliban nan don shi suke zuwa," in ji ƙanwarsa.

"Ba ɗalibai hukuma ke tambaya ba."

Dogo bai yi gardama ba. Ya tattara littattafansa, ya fita.

Masu duba suka zo a fili, maza biyu masu fara'a. Suka ɗaga kai suka ga fanka, suka buɗe ƙofar bayi, suka duba takardun malamai ɗaya bayan ɗaya. Ba da daɗewa ba shaida ta iso, aka rataye ta a inda mai shigowa zai fara gani. Direban nan ya riga ya daina zuwa.

Wata yamma sai ga matar, da murmushin da ba a taɓa gani a fuskarta ba. Ta leƙa ajin yamma, ta ga baƙuwar fuska a gaban allo, ta tsaya turus. Darakta ya taso da sauri, ya kai ta ofis, ya ja mata kujera da kansa.

"Mama, mun gode. Na gane ki tun ranar farko. Ki gaya wa hukuma gyaran da kika hango mun yi shi. Yaron nan, tuni na sallame shi."

Ta cire tabarau a hankali, ta dube shi.

"Wace hukuma kuma? Ni fa zuwa na yi in ga halin yaron da ke neman auren 'yata, kuma jiya na ce wa babanta a ba shi, tunda yana da haƙuri, ga aiki tsayayye."